Daga Badariya zuwa Argungu: Wa ke ba iyaye labarin makarantar firamare?

Iri uku ne labaran da suka saba fitowa daga makarantun firamare a Birnin Kebbi. Akwai labarin biki: an yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle, gida kaza ya zo na ɗaya, ko an yaye 'yan aji shida, an ɗinka anko, an yi hayar rumfa da kujeru. Akwai labarin manya: wani mai riƙe da muƙami ya zo ya yanke ƙyalle, ya buɗe sababbin azuzuwa, an ɗauki hoto, an watse. Sai kuma labarin masifa: iskar farkon damina ta yaye kwano, ɓarayi sun ɓalle tagogi da ƙofofi, ko ruwa ya malale harabar makaranta. Labarin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne wanda ba a taɓa ji. Yara nawa ne a aji uku suka iya karanta jimla guda da Hausa a wannan zangon karatu, kuma nawa ne suka iya a zangon da ya gabata?

Ina so in yi wannan tambaya ne a kan Badariya, ɗaya daga cikin manyan unguwannin Birnin Kebbi, domin unguwa ce da ta tara kowane irin mutum. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama hedikwata, yake ta faɗaɗa, unguwanni irin su Badariya da Gesse da Bayan Kara suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da manoman da suka taso daga ƙauyuka. A layi guda za ka sami gidan darakta da gidan mai tura baro. Da safe yaran layin nan kan rabu gida biyu. Wasu su hau babur ko mota zuwa makarantar kuɗi, wasu su taka da ƙafa zuwa ta gwamnati. Iyayen rukunin farko su ne suka san ofis, suka san wanda za a kira a waya, suka iya rubuta takardar koke. Da suka janye 'ya'yansu daga makarantar gwamnati, sai suka tafi da muryarsu. Waɗanda aka bari su ne waɗanda ba su saba a tambaye su ra'ayi ba, ba su kuma saba a yi musu bayani ba.

Alƙaluman da ake da su ba masu kwantar da hankali ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa Kebbi ce kan gaba a ƙasar nan wajen yawan yaran da shekarunsu suka isa firamare amma ba sa zuwa, kusan kashi biyu cikin uku, duk da cewa da yawa daga cikinsu suna makarantun allo waɗanda lissafin bai ƙirga ba. Binciken ya kuma nuna cewa a faɗin Najeriya, cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙwarewar karatu ta matakin farko. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. An fi yayata alƙaluman farko, na waɗanda ba sa zuwa makaranta. Amma na biyun ne ke bayyana wani ɓangare na dalilin na farkon. Uban da ya sa ɗansa na fari ya yi shekara shida yana zuwa makaranta, ya fito bai iya karanta takardar asibiti ba, da wace hujja za a ce masa ya hana ƙanen zuwa gona, ko ya hana ƙanwar talla? Mu da muke koyarwa a jami'a muna ganin ƙarshen wannan hanya, idan ɗalibi ya zo da takardun shaida cikakku amma haɗa sakin layi guda ya gagare shi. Cutar da muke gani a can, a aji ɗaya da aji biyu aka kamu da ita.

Makarantar ta wace ce?

Bahaushe ya daɗe yana kiran wannan makaranta da sunan mai ita: makarantar gwamnati. Asalin sunan yana da tarihi. A zamanin En'e, hakimai da dagatai ake ɗora wa alhakin kawo adadin yaran da za a sa a boko, iyaye kuwa suna ɓoye 'ya'yansu, wasu masu hali su tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Abin da aka shigo da shi ta hannun hukuma, aka tilasta shi da ikon hukuma, ba mamaki jama'a su ɗauke shi kayan hukuma.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba, kuma wannan yanki namu yana da nasa misalin. Marigayi Shehu Shagari, kafin ya shiga siyasa har ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, malamin makaranta ne, ya kuma yi hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950. Bayan rushewar Jamhuriya ta Farko ya dawo gida, inda a 1967 ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, lardin da a lokacin ya haɗa da masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri. Da gudummawar jama'a aka gina makarantu a ƙarƙashin wannan asusu. Wanda ya cire kuɗi daga aljihunsa ko ya kai jakin ƙasa wurin gini, ba ya buƙatar a tuna masa cewa makarantar tasa ce.

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, gwamnati ta ɗauke nauyin komai, jama'a kuma suka naɗe hannu. Ranar 30 ga Satumba, 1999, a garin Sakkwato, Obasanjo ya sake ƙaddamar da shirin UBE, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun iyaye.

Duba yadda bayani ke tafiya a wannan tsari. Malamin aji yana cika rajista ya miƙa wa hedimasta. Hedimasta yana kai rahoto ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Sakataren ilimi yana aikawa hukumar SUBEB ta jiha, ita kuma ta aika UBEC a Abuja. Duk takardun sama suke hawa, babu wadda ke saukowa ƙofar gidan uban yaro, in ban da katin sakamako da ke cewa ɗansa ya zo na 17 cikin 80. Wannan lamba ba ta gaya masa komai, domin ana iya zuwa na 17 a ajin da babu wanda ya iya karatu. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya nuna illar wannan tsari ƙarara. An ware naira 70 ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku, amma iyaye nawa ne a Badariya suka san yara nawa aka biya wa kuɗi a makarantarsu, ko kwana nawa ya kamata a dafa a wata? Da aka dakatar da shirin a Janairun 2024, yara ne suka kai labari gida cewa mai abinci ta daina zuwa.

Gwamnati ta san da wannan giɓi, shi ya sa aka ɓullo da kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda ya kamata kowace makarantar gwamnati ta samu. A rubuce, kwamitin ya ƙunshi hedimasta da wakilin sarakuna da wakilan malamai da na iyaye da na mata da na malaman addini da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. Ta hannun waɗannan kwamitoci ake bi da wasu kuɗaɗen gyaran makarantu, kamar yadda ake yi a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shige shi a 2020. Tsarin ba shi da laifi. Amma mai karatu ya gwada tsayar da iyaye goma a bakin masallacin unguwarsu ya tambaye su sunan shugaban kwamitin makarantar da 'ya'yansu ke zuwa, da ranar da kwamitin ya yi zama na ƙarshe. Amsar da zai samu ita ce ma'aunin ko kwamitin na raye.

Darasin walimar sauka

Abin mamaki shi ne, mutanen da ake cewa ba su damu da karatun 'ya'yansu ba, su ne suke bin karatun allo daki-daki. Uba ya san lokacin da ɗansa ke babbaƙu, ya san sa'ad da ya shiga farfaru, ya san surar da yake kai. Idan yaro ya kai wata gaɓa, akan yi sadaka a kai wa malam. Ranar sauka kuwa, yaro kan zauna gaban jama'a da allonsa mai zayyana, ya karanta da bakinsa, kowa ya ji da kunnensa. Ba a buƙatar kati ko hatimi, domin gani ya kori ji. Malamin da almajiransa ke sauka da kyakkyawan karatu, sunansa kan kai garuruwa ba tare da ya yi talla ba. Wanda nasa ba sa ci gaba, iyaye kan janye 'ya'yansu a hankali.

Abu biyu ne suka sa wannan tsari ke aiki. Matakan karatun a bayyane suke, kowa ya san su, kuma hujjar iyawa a fili ake gabatar da ita. Makarantar boko ta rasa duka biyun a idon talaka. Matakanta sunayen azuzuwa ne, yaro kuma yana hayewa daga aji zuwa aji ko ya iya ko bai iya ba. Hujjarta takarda ce da Turanci. Sai muka ɗauki bikin yaye ɗalibai muka ajiye a gurbin walimar sauka, muka kwaikwayi shinkafar da ankon, muka bar karatun a baya. Ɗan abin da ake nunawa a irin wannan biki yawanci hadda ce: yara biyar da aka zaɓa, aka yi makonni ana bita da su, su zo su rera jawabi da Turanci, iyaye su yi tafi. Ba wanda ke tambayar sauran saba'in ɗin da ke zaune a baya.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Misali biyu daga waje za su taimaka, ɗaya mai ƙarfafa gwiwa, ɗaya mai jan kunne. A Yuganda, wani bincike da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 ne kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ke isa gare su, sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Makarantu da yawa ba su ma san ana aiko musu da kuɗi ba. Sai gwamnati ta fara buga adadin abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su riƙa liƙa abin da suka karɓa inda jama'a za su gani. Da aka sake bincike a 2001, abin da ke isa makarantu ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a daidai lokacin, saboda haka ba jarida kaɗai ta yi aikin ba, amma masu binciken, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun gano cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi amfana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan rashin sani ne.

Misali na biyu daga Indiya yake. A gundumar Jaunpur ta Jihar Uttar Pradesh, wasu masana, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, sun yi aiki da ƙungiyar Pratham daga 2005 don ganin ko wayar da kan jama'a zai gyara makarantun ƙauye. Sun tarar mafi yawan iyaye ba su san akwai kwamitin ilimi a ƙauyensu ba, har wasu 'yan kwamitin ba su san an sa sunansu ba. Aka yi tarurruka aka yi bayani, a wasu ƙauyukan aka koya wa mutane yadda za su gwada karatun yara da kansu. Sakamakon ya ba da mamaki: bayanin kaɗai bai canza halin malamai ba, bai kuma ƙara wa yara iya karatu ba. Inda aka ga canji shi ne ƙauyukan da aka horar da matasa 'yan sa-kai suka riƙa koyar da karatu bayan an tashi daga makaranta. Yaran da suka halarci waɗannan azuzuwa sun ci gaba sosai.

Idan aka haɗa misalan biyu, darasin a fili yake. Labari yana toshe ɓarna idan ya shafi abin da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗi da littattafai. Amma sanin cewa yara ba su iya karatu ba, ba ya koya musu karatu. Dole labarin ya zo tare da aikin da jama'a za su iya kamawa da hannunsu a makon da suka ji shi.

Labari huɗu a kowane zango

Ga abin da nake ba da shawara, kuma bai fi ƙarfin kwamitin makaranta guda a Badariya ba. A ƙarshen kowane zango, a rubuta abubuwa huɗu da Hausa, da boko da ajami, a allon da aka kafa a ƙofar makaranta ta waje, a kuma karanta su a taron iyaye.

Na ɗaya, yawan yara: nawa ne a rajista a kowane aji, maza da mata, kuma nawa ne ke zuwa a kowane wata. Wannan lissafi na wata-wata zai nuna abin da kowa ya sani amma ba a rubuta ba. A kwarin Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, shinkafa ce ke juya rayuwa, da damina da rani, kuma lokacin dashe da lokacin yanka azuzuwa kan yi sauƙi. Idan unguwa ta ga da idonta watannin da yara ke raguwa, za ta iya zama da iyayen da abin ya shafa a nemi mafita, ko da ta hanyar maimaita musu darussan da suka wuce su ne.

Na biyu, malamai: nawa aka turo, nawa ke shiga aji, kuma yara nawa ke gaban kowane malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A rubuta wannan lamba a gefe guda, a rubuta ta gaskiya kusa da ita.

Na uku, abin da ya shigo: kuɗi ko benci ko littafi ko alli, daga gwamnati ko ɗan majalisa ko ƙungiya ko karo-karon iyaye, da yadda aka kashe shi. Inda ƙungiyar iyaye da malamai ke karɓar wani abu a hannun iyaye, su ne suka fi kowa haƙƙin jin inda ya shiga.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, matakin karatu. Ƙungiyar Pratham ta fito da wani gwaji mai sauƙi wanda ake amfani da shi a Indiya tun 2005, takarda ce guda mai matakai: yaron da bai gane haruffa ba tukuna, wanda ya gane haruffa, wanda ke karanta kalmomi, wanda ke karanta gajeren sakin layi, da wanda ke karanta labari. Duk wanda ya san babbaƙu da farfaru zai gane wannan tsani nan take. A yi gwajin da Hausa, domin yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, kuma yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji ya sami tsanin hawa Turanci. Gwada yaro ɗaya bai wuce minti biyar ba. Aji mai yara 60 zai ci wa mutum ɗaya awa biyar, amma mutum goma za su gama shi cikin rabin awa. A gwada kowane yaro shi kaɗai, gaban mahaifinsa ko mahaifiyarsa in da hali. Sakamakonsa na iyayensa ne da malaminsa. Abin da za a rubuta a allo shi ne jimillar aji: mutum kaza a matakin haruffa, mutum kaza a matakin labari. A ranar taron iyaye, yaran da suka haye daga mataki zuwa mataki su ne za su tashi su karanta rubutun da ba su taɓa gani ba, a yi musu addu'a, a ba su kyauta komai ƙanƙantarta. Wannan ita ce saukar da ta dace da makarantar boko.

Daga nan sai aikin da zai biyo baya. A raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba, a ba su awa ɗaya a rana ta koyon karatu, ko kafin a tashi ko lokacin hutu. Masu koyarwar suna nan kusa. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana tura ɗalibai koyon aikin malanta duk shekara. Ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga matasan unguwa da suka gama sakandare suna jiran sakamako, ga malaman da suka yi ritaya. Unguwa kamar Badariya ba ta rasa mutum talatin da za su ba da awa ɗaya.

Masu ja da wannan shawara

Malamai za su ce wannan wata dabara ce ta ɗora musu laifi, kuma tsoronsu yana da tushe. Ba a manta da Kaduna ba, inda a 2017 gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, aka kuma sallame su. Tun daga lokacin, kalmar gwaji ta zama abin fargaba a ɗakin malamai. Amma allon da nake magana a kai yana kare malamin kirki fiye da yadda yake tona asirin malalaci. Malamar da ke fama da yara 90 a ɗakin da babu benci, a yau ita kaɗai ta san wahalarta. Idan aka rubuta 90 kusa da 35 a ƙofar makaranta, kowa zai ga inda laifin yake. Idan kuma ta ɗaga yara ashirin daga haruffa zuwa kalmomi cikin wata uku, unguwa za ta san sunanta kamar yadda take sanin sunan alarammanta. Sharaɗin shi ne a auna ci gaba daga inda aka fara, kada a gwada makarantar da ke da komai da wadda ba ta da komai.

Wasu za su ce iyaye da yawa ba su yi boko ba, ba za su fahimta ba. Wanda bai yi boko ba yana da kunne. Ya san bambancin yaron da ke karatu da wanda ke in'ina a kan harafi. Matsalar da ta fi wannan ita ce ta iyaye mata, waɗanda su ne ke tashin yaro da safe, su ba shi kuɗin tara, su kuma yanke shawarar ko yarinya za ta makaranta ko talla, amma ba su cika halartar taron da maza suka cika ba. A nan ma muna da gado. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan-taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har ƙauyuka. A yau makarantun Islamiyya na matan aure suna ko'ina a Birnin Kebbi. A kai musu labarin zango a can, mace ta karanta wa mata.

Akwai kuma masu cewa 'yan siyasa za su mai da allon makami. Za su iya. Amma lambar da iyaye suka ƙirga da kansu ta fi wuyar murɗewa a kan wadda aka rubuta a ofis, kuma ɗan siyasar da ya ga ana yaba abokin hamayyarsa saboda benci ɗari da ya kawo, ba abin da zai hana shi kawo ɗari biyu. Irin wannan gasa ba ta da illa ga yara.

Ga waɗanda abin ke hannunsu

Kebbi tana da wata dama da sauran jihohi ba su da ita. Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, malamin makaranta ne, ya kuma shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. Idan umarnin kafa irin wannan allo ya fito daga gwamnatinsa, zai yi wuya malamai su ɗauke shi a matsayin tarko. Takarda guda daga SUBEB zuwa ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 21 ta isa ta ba kowane hedimasta izinin bayyana alƙaluman makarantarsa ba tare da tsoron a ce ya tona asirin hukuma ba. Gina azuzuwa abu ne mai kyau, ana kuma buƙatarsa, amma aji ginin bulo ne har sai an ji abin da ke fitowa daga bakin yaran da ke cikinsa.

Sarakunanmu ma sun riga sun nuna abin da za su iya. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin sarakunan Arewa da suka tsaya tsayin daka a yaƙi da cutar shan-inna, inda aka bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni aka isa gida-gida, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya a watan Agustan 2020. Tsarin da ya iya nemo jaririn da ba a ɗiga wa magani ba, zai iya nemo ɗan shekara tara da bai gane haruffa ba. Idan Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, da Mai Martaba Sarkin Kabi suka nemi kowane mai unguwa ya riƙa kawo alƙaluman karatun makarantar unguwarsa sau uku a shekara, babu kwamitin da zai ci gaba da barci.

Sauran aikin na 'yan bokon Badariya ne, musamman waɗanda 'ya'yansu ke makarantun kuɗi. Yawancinmu makarantar gwamnati ce ta yi mu, a kan benci ko tabarmarta muka koyi harafin farko. Yaran da ke cikinta yau su ne maƙwabtan 'ya'yanmu gobe, su ne za su yi musu gini, su ɗinka musu tufafi, su kaɗa ƙuri'a tare da su. Ba a ce kowa ya mai da ɗansa can ba. Abin da ake nema shi ne mutum ya je taron iyaye ko da ba shi da ɗa a makarantar, ya karɓi kujera a kwamiti idan an ba shi, ya ba da rabin awa ranar gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zangon da za a fara wannan aiki shi ne wanda muke ciki. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani.